Wace Jaruma Ce Ta Fi Dacewa da Shah Rukh Khan?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan jarumar da ta fi dacewa da Shah Rukh Khan a fim. Ni dai Kajol ce, ba ni da ta biyu. Sun fara haɗuwa a Baazigar a 1993, amma Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ne ya kafa su, har yau ana haska shi a silimar Maratha Mandir da ke Mumbai.

Ka sake kallon ƙarshensa: jirgin ƙasa ya tashi, yana tsaye a bakin ƙofa ya miƙo hannu, ita kuwa tana sheƙa gudu. Wallahi har yanzu tsigar jikina na tashi. Ba ta jin nauyinsa ko kaɗan, shi ma in yana gabanta sai ya saki jiki. Ba ma'aurata ba ne fa, mijinta Ajay Devgn ne.