Ga ƙanena mai son zuwa Niyuzilan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na uku a watan nan da ya turo mini bidiyon 'yar majalisar nan da ta yayyaga takarda tana kirari, kuma kowannenku sai ya haɗa da tambayar yadda ake samun gurbin karatu. Maganar gurbi za ta zo. Abin da ya dame ni shi ne dariyar da ka sa a ƙasan bidiyon.

Sunanta Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, kuma abin da ta yi a Nuwamba 2024 shi Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira "haka" da harshensu. Takardar ƙudurin doka ce da ke neman sake fassara yarjejeniyar Waitangi, wadda shugabannin Maori sama da 500 suka sa wa hannu da Turawan Ingila a 1840. Yawancinsu rubutun harshensu suka sa wa hannu, inda aka ce ikonsu a kan ƙasarsu yana nan. Na Turanci kuwa cewa ya yi sun miƙa mulki gaba ɗaya. Rigimar nan har yau ba ta mutu ba, ko da yake majalisa ta yi watsi da ƙudurin a Afrilu 2025.

Ina zaune a Hamilton, yankin Waikato. A 1863 sojojin Turawa suka afka wa yankin nan, aka ƙwace eka sama da miliyan ɗaya. Sai a 1995 gwamnati ta nemi gafara ta biya diyyar dala miliyan 170 ta ƙasar. Mu da Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903, an bar mana gonakinmu da Hausarmu. Su kuwa dattawansu za su gaya maka yadda aka riƙa zane su a makaranta don sun yi magana da harshen iyayensu. Da ƙyar suka ƙwato shi, ta hanyar makarantun ƙananan yara da suka fara a 1982, kafin doka ta amince da shi a 1987. Sarautar da suka kafa a 1858 don kare ƙasa tana nan a Ngaruawahia, kusa da ni, yanzu a hannun sarauniya Nga wai hono i te po.

Kada ka zo da tunanin aljanna. Haya mako-mako ake biya, gidajen sanyi kamar randa, kuma na yi shekara biyu ina wanke tsofaffi a gidan kula da su da digirina a jaka. Wata mai gida ta ji muryata a waya ta ce ɗakin yana nan, da ta ga fuskata sai ya zama an kama. Wanda ya ba ni masauki a wancan makon abokin aikina ne, Ba-Maori, ko kwabo bai karɓa ba. Yau ni ke shugabantar sashen da na fara shara a cikinsa, alhamdulillahi, da gumina. Kuma ban manta ba, bayan an kashe Musulmi 51 a masallatan Christchurch a 2019, Maori suka zo bakin masallatai suna yi mana wannan "haka" da kake wa dariya.

Idan Allah Ya kawo ka, za a kai ku marae, wato farfajiyar taron dangi, a yi muku maraba. Ka cire takalmi kafin shiga zauren. Kada ka zauna a kan tebur, kada ka taɓa kan kowa. Gaisuwarsu haɗa hanci ne. Idan mace ce ni nakan ɗora hannu a ƙirji in yi bayani, ba a taɓa ƙin fahimtata ba. Za a so ka faɗi dutsenka da koginka da kakanninka kafin sunanka. Ni na ce Dala, na ce Challawa, na tsaya a kakanmu, na ji kunya ganin yaro ɗan shekara goma yana jero nasa ba ko gargada.

Ka turo takardunka in duba. Amma ka fara zuwa wurin Baba da biro da takarda, ka tambaye shi wa ya haifi Malam Babba, kuma daga ina suka taso.