Da gaske farashin zinariya da na kuɗin waje na bin ƙidayar kwanaki?

Wani ɗan kasuwa daga Damagaram, mai shago a kasuwar Dole, ya aiko da wannan tambaya: "Ina kai wake da dabbobi Maigatari, in wuce Kano in saro kaya in dawo. Ƙanena ya nuna mini wani mutum a waya mai cewa zinariya da dalar Amurka da hannun jari duk zagaye suke yi, kowane kwana 40 sai farashi ya juya. Ya ce in ina biyan shi kuɗin wata, zai riƙa faɗa mini ranar saye da ranar sayarwa. Ina da sefa miliyan 3 da na ajiye don sarin kaka. In zuba su?"

Alhaji, kada ka zuba su. Amma maganar zagayen farashi ba shirme ba ce gaba ɗaya, don haka bari mu raba ta.

Akwai zagayen da kai kanka ka fi ni sani. Gero da wake suna araha da kaka, saboda manomi ya girbe kuma yana neman kuɗin biyan bashi da na biki. Daga bazara zuwa tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, sai su hau. Rago yana tashi gab da Layya, lokacin kuma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara don lissafin wata ake bi. Duk waɗannan za ka iya nuna abin da ke jan su: ruwan sama, girbi, sallah. To ko su ba kullum suke cika alkawari ba. Shekarar da damina ta yi albarka sosai, ko OPVN, hukumar ajiyar abinci ta Nijar, ta fito da hatsi a farashi mai rahusa, ko hukuma ta hana fitar da kaya, mai ajiya yakan sayar ƙasa da yadda ya saya.

Yanzu ka tambayi mai kwana 40: me ke juya zinariya a rana ta 40? Wane girbi, wace sallah? Ba shi da amsa sai zanen hawa da saukar farashi. Tsohuwar dabara ce. Tun shekarun 1930 wani akawu ɗan Amurka, Ralph Elliott, ya ce farashi na tafiya hawa biyar, komawa uku, kuma har yau tana da mabiya. Aibinta shi ne, in an duba baya zanen yakan zauna daram, don mai zanen ne ke zaɓen inda ƙidaya za ta fara. In aka ce a faɗi na gobe, sai masana biyu su dubi hoto ɗaya, wannan ya ce hawa, wancan ya ce sauka. In hasashen ya kuskure kuma a ce maka zagayen ne ya ɗan tsawaita.

Dubi tarihin zinariyar. A Janairun 1980 oza ɗaya, wato giram 31 da ɗigo, ta kai dalar Amurka 850, ba ta sake wuce nan ba sai 2008. A Satumban 2011 ta kai wajen 1,900, ta gangaro zuwa kusan 1,050 a ƙarshen 2015, sai 2020 ta haura 2,000, a 2025 kuma ta wuce 4,000. Abin da ke motsa ta shi ne kuɗin ruwan da babban bankin Amurka ke yankewa, da yaƙe-yaƙe, da sayen da manyan bankunan ƙasashe ke yi. Ba ɗaya a cikinsu da ke duba kalanda. Ga wani ƙarin nauyi a kanmu: da dalar Amurka ake yi wa zinariya kuɗi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya. Ke nan ko ka canki zinariya daidai, dala na iya sauka a gaban yuro ta cinye ribar.

Kuɗin ƙasashe sun fi ba ni tsoro, don hukuma ce ke juya su da sa hannu ɗaya. Dattawan kasuwa ba su manta Janairun 1994 ba, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. A Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai 1,500. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 iyaka ta rufe, kai ma ka ji a jikinka. Wane zane ne ya ba ka ranar waɗannan?

Sannan yawancin masu irin wannan talla wajen dillalan intanet suke tura mutum, su karɓi lada a kan kowane wanda suka kawo. A can za ka sa jaka 100, wato sefa dubu 100, a bar ka ka yi ciniki kamar mai miliyan 10. Da daɗin ji, amma farashi ya goce da kashi 1 cikin 100 kawai, jakarka 100 ta tafi. Hukumar da ke sa ido kan kasuwannin kuɗi a Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 da 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Kuma tunda ba zinariyar ake miƙa maka ba, lamba ce a waya, ka tambayi malaminka hukuncin musayar da ba hannu da hannu ba kafin ka taɓa.

Hannun jari daban ne. Muna da kasuwarsa ta BRVM a Abijan, ta ƙasashe 8 masu sefar Afirka ta Yamma, ana saye ta hannun dillali mai lasisi. Wannan wurin mai haƙuri ne, wanda zai riƙe shekaru yana karɓar rabon riba. Mai shiga yau ya fita jibi, ladan dillali ne zai cinye shi.

Ni a ganina haɗarinka na gaskiya yana cikin aljihunka ne tsakanin Maigatari da Kano. Duk ranar da naira ta kwana a hannunka, ka shiga cinikin canji ko ba ka yi niyya ba. Ka rage kwanakin nan. In ka sayar, ka sari kaya nan da nan ko ka mayar sefa, kuma ka riƙa lissafin ribarka da sefa, ba da naira ba. In zuciyarka na son zinariya, ka sayi wadda za ka riƙe a hannu, a auna ta a gabanka ka san karat ɗinta, da kuɗin da ba za ka nema ba nan da wasu shekaru. Ka tuna kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa.

Shi kuma ƙanenka kada ka yi masa faɗa, neman alheri ya kawo shi. Ba shi littafi da biro. Duk hasashen da mutumin ya fitar, ya rubuta shi a ranar, da farashin lokacin, kafin abin ya faru, har tsawon wata uku, ba tare da kun biya ko dala ɗaya ba. Ya rubuta wanda ya faɗa daidai da wanda ya kuskure, ya cire ladan dillali da kuɗin wata. Ku zauna tare ku tara, in kana so ka aiko mini mu duba. Kafin nan miliyan 3 ɗin su tafi sarin wake, ka zuba shi a buhun nan mai ninki uku don ƙwari, kuma kada ka saye duka a kasuwa ɗaya ko a mako ɗaya.