Tambaya da amsa: Ɗamara da maɗaurin hannu za su raba ni da ciwon kafaɗa a kan benci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 24, ina zaune a Bukoki, nan Yamai. Na kusa shekara biyu ina ɗaga ƙarfe, yanzu ina tura kilo 90 a kwance kan benci. Tun bayan azumi wani ciwo ya kama ni a gaban kafaɗar dama, daidai inda ƙirji ya haɗu da hammata. Da ƙarfen ya sauko kusa da ƙirji sai in ji kamar ana ja na da ƙugiya. Wuyan hannu ma yana min zafi. Kocinmu ya ce rashin kayan aiki ne, in sayi ɗamara, da maɗaurin wuyan hannu, da safar gwiwar hannu, da wata roba da ake sawa a damatsa, wai da su ciwon zai tafi har in kai kilo 110 kafin ƙarshen shekara. Wani abokina kuma ya ba ni rabin tramol, ranar ban ji komai ba. Na tara jaka 30. Wanne zan fara saye? Tsorona kada in huta wata guda jikin da na sha wahalar ginawa ya zube.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna, kuma kada ka sake kwanciya ƙarƙashin kilo 90 sai an duba wannan kafaɗa. Maganar tramol zan zo kanta, don ita ta fi tayar min da hankali cikin wasiƙarka.

Bari in sallami kayan da sauri, tun da kai ba baƙo ba ne a harkar. Maɗaurin wuyan hannu abu ne mai amfani, ba na ƙin sa. Amma zafin da kake ji, sau da yawa daga riƙo yake. Sandar tana zama can kusa da yatsu, hannun ya karye baya, nauyin duka ya rataya a kan gaɓar. Sauko da sandar ta zauna a gindin tafin hannu, a saman ƙashin, babban yatsa ya zagaye ta. In ka gyara wannan, maɗaurin ya zama na ranakun nauyi kawai. A naɗa shi ya rufe gaɓar kanta, don wasu suna ɗaure shi can ƙasa inda ake sa agogo, inda ba ya tallafar komai. A kwance shi bayan kowane zagaye. Ƙungiyar gasar ɗaga nauyi ta duniya, IPF, ta ƙayyade shi kada ya wuce tsawon mita 1 da faɗin santimita 8, kai kuwa rabin wannan tsawon ma ya ishe ka. Masu yanko robar cikin taya suna matse hannu har yatsu su yi sanyi su mutu, su daina, jijiya suke dannewa.

Ɗamara aikinta a ciki da ƙugu yake. Ka cika ciki da iska, ka tura shi jikin fatar, baya ya tsaya daram lokacin tsuguno da ƙarfe ko ɗaukarsa daga ƙasa ko tura shi sama da kai a tsaye. A kan benci bayanka yana kwance, amfaninta kaɗan ne, kuma babu abin da ya haɗa ta da kafaɗa. Mai hawan jini ko ƙaba ya ga likita kafin ya fara riƙe numfashi a cikinta. Safar gwiwar hannu kuwa ɗumi take bayarwa da ɗan matsi. A Yamai cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, ban san wanda gwiwarsa ke kukan sanyi ba. Igiyar nan da ake naɗawa a sanda don riƙo kuma ta ja ce, ta aikin baya. Kada ka taɓa ɗaure kanka da sandar da ke saman wuyanka.

Saura robar damatsa. Sunanta Sling Shot, wani ɗan wasan ɗaga nauyi na Amurka, Mark Bell, ya fito da ita. In ƙarfe ya sauko sai ta miƙe, in ka tura sai ta koma, wato tana ɗauke maka wani kaso na nauyin a wurin da ya fi wuya. Babbar yayarta ita ce rigar benci ta ƴan gasa, matsattsiyar riga mai tauri da ke taya mutum tura ƙarfen. Dubi ratar: Julius Maddox ya tura kilo 355 a 2021 ba tare da riga ba, Jimmy Kolb kuma da rigar ya wuce kilo 600. Ba wai na biyun ya ninka na farkon ƙarfi ba ne, rigar ce ta ɗauki sauran. Mu ma a wurin aiki ana iya sa wa mai jinya irin wannan roba, amma bayan an gano ciwonsa, kuma da nauyin da bai kai wanda ya saba ba. Kocinku ya juya abin, yana so ka sa ta ka ƙara kilo 20 a kan kafaɗar da ke kuka da 90.

To ga inda nake so ka nutsu, domin kusan kullum sai an shigo mana da wannan magana: wai kayan ɗauri maganin ciwo ne. Na gaji da jin ta. Yaro ya zo hannu a rataye, ka tambaye shi yaushe ciwon ya fara, ya ce ai ya daɗe, amma ya sayi maɗauri ciwon ya lafa. Lafawa daban, warkewa daban. Katangar laka in ta tsage, ka yi mata yaɓe ta waje ta yi kyau a ido, tsagin yana nan yana jiran ruwan Agusta. Matsi da ɗumi suna rage jin zafi, shi ke nan. Babu zare ko roba ko fata da ke shiga cikin jiki ta ɗinke abin da ya fara yagewa.

Wurin da ka nuna ba wurin wasa ba ne. Babbar tsokar ƙirji tana tattaruwa ta zama agara, farar jijiyar nan mai tauri, ta bi gaban hammata ta liƙe a ƙashin damtse. Lokacin da sanda ta taɓa ƙirji, gwiwar hannu ta wuce baya, musamman ga mai buɗe hannu da faɗi yana baza gwiwoyi, a nan agarar take miƙewa iyakar miƙewarta alhali tana ɗauke da nauyi. Mafi yawan tsinkewar wannan tsoka a kan benci ake samun ta, a daidai wannan gaɓar ta saukowa, kuma maza ne masu shekara 20 zuwa 40, wato ku. Dalilin a bayyane yake. Tsoka jini ya wadace ta, tana ƙara ƙarfi cikin makwanni. Agara jininta kaɗan ne, watanni take ɗauka kafin ta kamo. Matashi yana ganin ƙirji ya cika, yana ƙara faranti duk mako, abin da ke riƙe da ƙirjin kuwa an bar shi a baya. Ciwon da kake ji shi kaɗai ne ke sanar da kai wannan rata. In ka toshe shi ka ci gaba da ƙara nauyi, me ya rage da zai tsayar da kai?

Ba agarar ƙirji kaɗai ke ciwo a nan ba. Doguwar agarar ƙwanji tana bi ta gaban kafaɗa, ga tsokoki huɗun da ke riƙe kan ƙashi cikin gurbinsa, ga kuma ƴar gaɓar da ke ƙarshen ƙashin wuya, wadda benci ke cinye ta a hankali. Kowanne da jinyarsa. Hannun mai dubawa ne ke rarrabe su, sai ekografi, hoton da ke nuna tsoka da agara, in an buƙata. Koci ba ya rarrabe su da ido, mai sayar da kaya a kasuwa ma haka, balle wanda ya koyi sana'ar a bidiyon TikTok shekaranjiya.

Ranar da ta tsinke, mutum yakan ji ƙara ko wani abu ya ɓalle, ƙarfen ya faɗo ta gefe ɗaya. Bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya kwanta a damtse da gefen ƙirji, naman gaban hammata ya ɓace, ƙirjin ya tattare ta tsakiya. Daga nan sai kashi na biyu na ɓarnar ya fara. A kai shi wurin maɗori. Ina girmama maɗora a kan abin da suka gada, amma nan babu ƙashin da ya karye, me za a ɗora? A murza wurin da man zafi, a ja hannun, wani ya ce a yi ƙaho a fitar da mataccen jini. Wani kuma ya je ya yi radiyo, hoton ya fito ƙalau tun da radiyo ƙashi take nunawa, ya koma gida yana murna. Ana cikin haka tsokar tana ja da baya tana ƙanƙancewa. Ɗinkin wannan agara ya fi yin kyau in an yi shi cikin makwannin farko, wajen shida. Mai zuwa bayan wata huɗu aikinsa ya yi wuya, ƙarfinsa kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba. Ko wanda aka yi wa a kan lokaci, sai ya yi watanni kafin ya sake ganin benci. Kai da kake tsoron hutun wata guda, ka auna.

Yanzu tramol. Ka ce ranar ba ka ji komai ba. Wannan ita ce rana mafi haɗari da ka taɓa yi a wurin motsa jiki. Tramol, wato tramadol, dangin su mofin ne, yana kashe jin ciwo a ƙwaƙwalwa, yana kawo gyangyaɗi da jiri, kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba. Ka yi tunanin wannan ta same ka kana kwance, kilo 90 a saman maƙogwaro. A asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, shi ma a rarrabe, da takardar likita. Na bakin titi ƙwaya ɗaya ana rubuta mata 200 ko 225, kuma babu mai tabbatar maka abin da ke ciki. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Da rabi ake farawa. Ka duba unguwa, ba sai na ba ka labarin yadda ake ƙarewa ba. Allurar ƙara tsoka da wasu ke yi wa juna a bayan ɗaki ita ma hanyar ɗaya ce, tana hura tsoka ta bar agara, shi ya sa masu yin ta suke yawa cikin waɗanda ƙirjinsu ke tsinkewa.

Masu wuraren motsa jiki kuma, ku ji tsoron Allah da ƴaƴan mutane. Wanda ke karɓar kuɗin wata, shi ke sayar da ɗamarar, shi ke sayar da garin ƙara tsoka, shi ne kuma likitan da ke cewa rashin kaya ne. Yaro ya ce maka yana jin ciwo, ka ce masa namiji ba ya raki. Ranar da ƙarfe ya faɗo ba kai za ka biya kuɗin aikin ba, uwarsa ce za ta sayar da abin da take da shi. In da gaske kuna son kayan kariya, ku je kasuwar Katako mai walda ya yi muku ƙafafu biyu masu ƙarfi a gefen benci, daidai tsayin da sanda za ta tsaya kafin ta kai wuya. Ku sa doka babu mai tura nauyi ba tare da mutum a tsaye a kansa ba, mutumin da idonsa ke kan sanda, ba kan waya ba. Ku hana riƙon nan da ake ajiye babban yatsa gefe ɗaya da sauran, wanda ko a gasar IPF an hana shi. Masu ƙarfen siminti da aka zuba cikin gwangwani su suka fi buƙatar wannan, don nasu ba ya zamewa ta gefe in mutum ya maƙale.

Game da tsoronka, jikin shekara biyu ba ya zubewa cikin mako uku ko huɗu, kuma ɗan abin da ya ragu yana dawowa da sauri fiye da yadda aka gina shi. Ba ma zaman banza za ka yi ba. Ƙafafu suna nan, ciki yana nan, aikin ja na baya yana nan muddin ba ya tayar da ciwon, kuma yawancinku ma kun bar shi a baya saboda ƙirji ake gani a madubi. In an duba ka an ba ka izini, ka dawo da rabin nauyin. Matso da hannuwa kaɗan, gwiwoyi su kusanci jiki maimakon bajewa, allunan kafaɗa a matse su baya a manne da benci. Fara da turawa kana kwance a ƙasa, inda daɓe zai tare gwiwar hannu kafin ta wuce baya. Ƙari kuma kilo 2 da rabi ne, ba 10 ba, kuma sai makon da ya wuce lafiya.

Jaka 30 ɗin nan ka fara kai ta wurin ganin likitan ƙashi ko kine, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, a babban asibitin ƙasa ko na Lamorde ko wanda ya fi maka kusa, da kuɗin ekografi in sun rubuta. Ka gaya musu maganar tramol ɗin, kada ka ɓoye. Abin da ya rage ka sayi maɗaurin wuyan hannu, sauran kayan su jira. In kuwa kafin ranar ka ga jini ya kwanta a damtse, ko hammatar dama ta bambanta da ta hagu a madubi, ko hannun ya rasa ƙarfin matsowa jikinka, to a ranar za ka je, kada ka jira ƙarshen wata.