Kafin ka kafa allon kilinik ɗinka

Wa alaikumus salam Dokta, ƙanena. Na ga saƙonka, kace ka ɗan tara wani abu, kawunka kuma zai baka gida haya a cikin unguwa, kana tambaya ko lokaci yayi da zaka buɗe naka wurin, kuma wai mene ne yafi wahala a harkar nan tamu ta asibitin kuɗi. To ba zan hana ka ba, garin nan yana buƙatar irinku, duk wanda ya taɓa ganin layin asibitin Murtala da safe ko emajensin asibitin Malam Aminu Kano da daddare ya san asibitin gwamnati kaɗai ba zai ɗauke mutanen Kano ba. Amma ina so ka shiga idonka a buɗe.

Maganar takardu ba zan daɗe a kai ba, lasisinka na MDCN, hukumar rajistar likitoci, ya zama sabo, kayi rajista da PHIMA, hukumar jiha mai kula da asibitocin kuɗi, zasu zo su duba gini da ma'aikata, in zaka ajiye ɗakin gwaji ko na magani ko injin hoto kowanne da hukumarsa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kada ka yarda da ɗan kamasho. Abu ɗaya dai, tunda har yanzu kana aikin gwamnati, ƙa'idar aikinmu bata yarda cikakken ma'aikacin gwamnati ya mallaki asibitin da ake kwantar da marasa lafiya ba, abin da aka bari shine konsultan ko wanda ya haura shekara 10 da rajista ya buɗe wurin duba mutane bayan ya tashi daga aiki. Na san da yawa suna yi a ɓoye da sunan wani, kai dai ka zaɓi guda, ko aikin gwamnati ko asibitinka.

Wuta ce zata fara cin kuɗinka. Tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, komai namu ya tashi, daga safar hannu har zaren ɗinki, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato layin da yafi samun wuta, naira 225 kowane yunit. Mai shago zai iya kashe janareta ya zauna a duhu, kai kuwa kana da oxytocin, allurar tsaida jini bayan haihuwa, da insulin da allurar rigakafi a firij, kuma ka san abin da zafin Kano na watan Afrilu ke yiwa oxytocin, zaka yiwa mace allura bayan haihuwa jini yaƙi tsayawa kana zaton mahaifa ce taƙi alhali maganin ne ya mutu tun a firij. Don haka kafin tayil da fenti da kujerun alfarma, sa kuɗinka a sola da batura masu kyau, wanda zai riƙe firij da fitilu da injin oksijin har asuba. Magani ma haka, tun da kamfanin magani na GSK suka sanar da rufe harkarsu a Najeriya a 2023 irin su Augmentin da Ventolin suka fi ƙarfin talaka, jabu kuma ya samu ƙofa, kada araha ta ja ka, ka saya wurin dila mai rajista da rasit da lambar NAFDAC, ko kasuwar magani ta Dangwauro zaka je ka san wa kake saya a hannunsa.

Amma duk wannan lissafi ne, ana iya koyonsa. Bashi shi ne inda zuciya take shiga. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, to kaga wanda zai shigo maka ƙarfe biyun dare da matarsa tana jijjiga ko tana zubar da jini, sau da yawa abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin adaidaitan da ya kawo su ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ka ƙin taimakon gaggawa, dokar 2017 ma tace wanda aka harba a karɓe shi ba sai da takardar ’yan sanda ko kafin alƙalami ba, ka fara aiki sannan ka sanar da su cikin awa biyu, kuma ko babu doka kai musulmi ne likita ne, ba zaka tsaya ciniki a kan jini ba. Zaka yi aikin, wasu zasu dawo su biya wallahi har da godiya, wasu ba zaka ƙara ganinsu ba. Sannan ga dangi, ga surukai, ga abokan babanka, ga wanda mai unguwa ya aiko da ’yar takarda, kowa yana ganin ai asibitin ɗanmu ne. Abin da nake yi, kowane wata akwai adadin da na ware nace wannan sadaka ce, an rubuta shi a littafi da sunan sadaka ba bashi ba, in ya ƙare ya ƙare sai dai gaggawa. Kuma kada kuɗi ya riƙa bi ta hannunka, ka sa kashiya mai amana, domin kunya ba zata bar ka ka cewa dattijon da ya goya ka ya biya kuɗin kati ba. Tsare mara lafiya a gado don bai biya ba kuwa, kada ka taɓa yi.

Inshora zata zo maka kamar mafita, musamman tunda dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta wajabta ta a 2022, ga kuma KSCHMA takwararta ta jiha. Ka karɓa amma kada ka jingina da ita gaba ɗaya. Shekara da shekaru naira 750 ake biyan asibiti kan kowane mai inshora a wata kafin a ƙara, kuma ni kaina akwai kamfanin inshorar da nayi wa mutanensa aiki watanni suka shuɗe ina bin kuɗina, alhali dilan magani da albashi basa jira. Ka ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kenan, cike takardun neman biya da bibiyarsu.

Yanzu ga abin da yafi damuna, kuma shi nake so ka riƙe. Mutanenmu basa son biyan kuɗin ganin likita, in ka zauna da mutum minti ashirin ka saurare shi ka duba shi kace masa mura ce, ya sha ruwa da farasitamol ya huta, zai fita yana cewa ba'a yi masa komai ba, shi ƙarin ruwa yake so da allura. To ƙarshen wata ya matso, ba'a biya albashi ba, dizal ya ƙare, sai ka ji hannunka yana son rubuta ruwa leda biyu da allurar ceftriaxone ga wanda ƙwaya zata ishe shi, sai kowane zazzaɓi ya zama taifot da maleriya saboda gwajin taifot na Widal ɗin da kai ma ka san ba hujja bace ita kaɗai, sai sikanin da ba'a buƙata, sai kwanciyar kwana uku maimakon ɗaya. Ba rana ɗaya ake lalacewa ba, a hankali ne, kuma na ga likitoci masu ilimi sosai da abin ya cinye su. Ranar da kuɗin dizal ya fara rubuta maka magani ka rufe wurin ya fi maka alheri duniya da lahira. Ka sa kuɗin ganin likita na gaskiya, ka rubuta shi a bango kowa ya gani, ka yiwa mutane bayani ko da zasu tafi kemis su bar ka, waɗanda suka gane zasu dawo da iyalansu gaba ɗaya.

Haka maganar tiyata. Kada ka buɗe ciki babu jini a ajiye, babu ƙwararren mai sa barci, don kawai kuɗin aikin zai biya haya. Abin da yafi ƙarfinka ka tura da wuri, ka rubuta takarda cikakkiya, ka kira wanda ke kan aiki a can, ka haɗa su da nas a mota, ba wai ka riƙe mutum sai ya galabaita sannan kace a tafi babban asibiti ba.

Ma'aikata kuma, nas ɗin da ka horar ta gane hannunka gobe zata zo maka da maganar Saudiyya ko Ingila ko gwamnati ta ɗauke ta, kada ka ji haushinta, amma kada ka cike gurbinta da yarinyar da bata da rajista don arha, duk abin da ya faru sunanka za'a kira a gaban kwamitin ladabtarwa. Ka biya albashi kan lokaci ko kai zaka kwana babu, ka riƙa ƙirga magani duk sati. Fayil kuwa ka rubuta komai da lokacinsa, domin ranar da aka yi rashi dangi suka hau Facebook da sunan asibitinka, sirrin mara lafiya ya ɗaure bakinka ba zaka iya mayar da martani ba, rubutunka ne kaɗai zai tsaya maka.

Kuma kada ka yi shi kai kaɗai, mai kilinik ɗaya tilo bashi da hutu bashi da sallah bashi da wanda zai tambaya in abu ya rikice, ka nemi abokin aiki ku yi yarjejeniya a rubuce, ka shiga ƙungiyar likitoci masu zaman kansu. In ni ne kai, zan fara da duba marasa lafiya da awon ciki da gadaje kaɗan na lura, tiyata sai daga baya, kuma ba zan buɗe ba sai ina da kuɗin gudanarwa na wata shida a gefe wanda ba bashin banki bane. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar da lissafinka a rubuce, haya da albashi da wuta da magani, zan sa akanta ya buɗe maka littafinmu mu gwada da naka. Ka gaida mutan gida.