Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Yaƙi USS Gravely da Hafsan da Ya Ci Sunansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Lokacin rikicin Bahar Maliya na sha jin sunan jirgin yaƙin Amurka USS Gravely a rediyo. Wane ne Gravely, kuma me ya yi har aka sa wa jirgi sunansa? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A Amurka sakataren sojan ruwa ne ke raɗa wa jiragen yaƙi suna, kuma irin waɗannan jirage bisa al'ada sunan jarumai da shugabannin rundunar ake ba su. Wannan ya ci sunan Samuel L. Gravely Jr., baƙar fata, haifaffen Richmond ta jihar Virginia a 1922. Ya shiga sojan ruwa a 1942, zamanin da ake ware baƙaƙe, galibinsu a ɗakin girki da dakon kaya. A ƙarshen 1944 ya zama hafsa, aka tura shi PC-1264, ƙaramin jirgin farautar jiragen ƙarƙashin teku wanda akasarin ma'aikatansa baƙaƙe ne. Da yaƙi ya ƙare aka sallame shi a 1946, ya koma jami'a ya ƙarasa digiri a fannin tarihi.

A 1948 Shugaba Truman ya sa hannu kan dokar kawar da wariya a aikin soja, a 1949 aka dawo da Gravely bakin aiki. Abin da ya ɗaga shi, a ganinmu, sana'ar da ya riƙe ce, wato sadarwa. A yaƙin Koriya hafsan sadarwa ne a babban jirgi Iowa, aikin da babu suna a cikinsa amma kuskuren saƙo ɗaya kan jawo asarar rayuka. A 1962 aka ba shi jirgi Falgout, a 1966 ya ja Taussig zuwa yaƙin Biyetnam, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci jirgin yaƙin Amurka a fagen daga. Ya samu kyaftin a 1967 (muƙamin nan daidai yake da kanar a sojan ƙasa), ya zama admiral a 1971, ya samu tauraro uku da jagorancin Runduna ta Uku ta jiragen yaƙin Amurka a 1976; a muƙamin admiral da jagorancin rundunar duk shi ne baƙar fata na farko. Ya kammala da shugabancin hukumar sadarwar tsaro, ya yi ritaya a 1980 bayan shekara 38, ya rasu a 2004.

TAMBAYA: Don Allah wane irin jirgi ne, kuma da me yake tafiya? Ɗana ne ke sha'awar aikin sojan ruwa yake ta tambayata. Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. Jirgin na jinsin Arleigh Burke ne, lambarsa DDG-107. An ƙera shi a Pascagoula ta jihar Mississippi, ya fara aiki ranar 20 ga Nuwamba 2010. Tsawonsa mita 155, faɗinsa mita 20, nauyinsa ya haura tan 9,000, mutanen cikinsa kimanin 300.

Injinansa huɗu ne samfurin LM2500, 'yan gida ɗaya da injin jirgin sama, biyu-biyu suke juya farfela biyu, gudunsa kuma ya wuce kilomita 55 a awa. Injin ba ya juyawa baya. Idan za a ja da baya, kunnuwan farfelar ake karkatarwa. Matsalarsa biyu. Yana shan mai ainun ko da a hankali ake tafiya, shi ya sa a sintiri sukan kashe uku su bar ɗaya, kuma duk 'yan kwanaki sai jirgin dakon mai ya jero da shi an miƙa mesa ana cikin tafiya. Ta biyu gishiri: injin na zuƙar iskar teku, gishirin ya daskare a fikafikan ciki, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru, ƙarfe ya fara ci. Maganinsa tace iskar tun daga mashiga da wanke cikin injin da ruwa mai tsabta a kan kari. A gaya wa yaron ya riƙe lissafi da ilimin lantarki, don mafi yawan aikin jirgin nan na injiniyoyi ne.

TAMBAYA: An ce makami mai linzami ya kusa samun jirgin. Ina amfanin na'urorinsa ke nan? Daga mai karatu a Kumasi.

AMSA: Haka ne, Malam. A ƙarshen Janairu 2024 makamin 'yan Huthi na Yaman ya matso kamar mil ɗaya kafin a kakkaɓo shi. Tsaron jirgin hawa-hawa ne. Akwai rada SPY-1 mai fuska huɗu da ba ta juyawa, tana aika abin da ta gani ga kwamfutar Aegis, ita kuma ta tsara wanda za a fara harbowa. Makaman suna tsaye a ramuka 96, 32 a gaba, 64 a baya. Ban da su akwai igwa mai bakin milimita 127 da jirage masu saukar ungulu biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne duniya a lanƙwashe take. Makamin da ke tafiya dab da ruwa yana ɓuya a bayan lanƙwasar, radar jirgi ba ta ganinsa sai ya zo kamar kilomita 30, ga igiyar ruwa na dagula hoton. Idan yana cin mita 280 a daƙiƙa, abin da ya rage bai kai minti biyu ba, a ciki za a tantance shi, a ba da izini, a harba. A mil ɗaya kuwa, daƙiƙa biyar ko shida ne.

A nan bindigar Phalanx ta shigo, ita ce ta harbo shi. Tana da hanci shida da radarta ta kanta, tana aman harsashi 4,500 a minti, sai dai gangarta 1,550 take ɗauka, wato wutar daƙiƙa 20 kawai. Ko ta samu makamin, tarkacensa na iya ƙarasowa da gudunsa ya illata rada ko mutanen da ke waje, don haka babu kwamandan da ke son a kai ga amfani da ita. Su ma ramukan 96 ɗin idan sun yi ƙasa, sai jirgin ya bar fagen ya nufi tashar ruwa, a sa ƙugiya ta zura makaman ɗaya bayan ɗaya.