Amsa ga Hajiya kan wayar wutar sabon kicin

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya Hajiya, ina wuni, ya gajiyar aiki? Yanzu na dawo daga wani aiki a unguwar Madina ta nan Accra, na saurari saƙonki. Kin ce kin sayi murhun lantarki mai kai huɗu da oben, mai tayil zai fara ranar Litinin, kina tambaya ko za ki iya jona murhun a tsohon soket ɗin da ke bayan firij. Na ga hoton da kika turo ma.

Hajiya, don Allah ki dakatar da mai tayil ɗin nan tukuna. Ko kwana uku ne ya jira. In tayil ya hau bango, duk wayar da aka manta sai an fasa shi kafin ta shiga, kuɗi biyu ke nan.

Soket ɗin bayan firij ba zai ɗauki murhun nan ba, ko kusa. Duba ƙarfen da ke manne a bayansa, a hotonki an rubuta wat 7,000. Wutarmu a nan Gana bolt 230 ce. In kin raba 7,000 da 230, zai ba ki am 30 da ɗan wani abu (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). Filoginmu mai ƙafa uku kuwa, fis ɗin da ke cikinsa am 13 ne iyakarsa. Kin ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Murhun nan layinsa yake so shi kaɗai, tun daga akwatin bireka (makunnan da ke yanke wuta da kansu in nauyi ya yi yawa) har kicin, babu wani abu da zai raba da shi. Waya mai kauri, milimita 6, da bireka mai am 32. In tsakanin akwatin da kicin akwai nisa sosai, ko kina da niyyar sayen wanda ya fi wannan girma nan gaba, gara a sa milimita 10 tun yanzu. Sannan a sa masa makunninsa na musamman a bango, irin babban nan mai am 45, a gefe inda hannunki zai kai. Kada a yarda a sa shi a saman murhun. Ranar da mai ya kama wuta a kasko, ba ki so ki miƙa hannu ta cikin harshen wuta kafin ki kashe.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona bara a wani gida a Nima. Matar tana sayar da wake da shinkafa da safe. Ekstenshan guda ɗaya ta ja daga ɗaki, ta jona butar lantarki da tukunyar dafa shinkafa da abin ɗumama abinci. Da aka kira ni, robar ta narke ta manne da katakon kanta, ramukan sun yi baƙi ƙirin, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Yaranta uku a ɗakin da ke jikin bangon suke kwana. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Butar lantarki kaɗai, mai wat 3,000, ta cinye am 13 ɗin gaba ɗaya, duk abin da aka ƙara a kai wayar ce ke shan zafinsa.

Shi ya sa nake so daren nan ki zauna da takarda, ki rubuta duk abin da zai ci wuta a kicin ɗin: buta, bilenda, tukunyar shinkafa, abin ɗumama abinci, firij, firiza in akwai, injin wanki in a nan za ki ajiye shi. Har wanda ba ki saya ba tukuna amma yana ranki. Da wannan takardar ake zana layuka. Soket-soket na saman kanta su samu layinsu da waya milimita 2.5, kuma a yawaita su, ko guda huɗu masu baki biyu, don kada ekstenshan ya sake shigowa. A nisanta su da wurin wanke-wanke da bakin murhu, aƙalla taku ɗaya. Firij da firiza ni na fi so in ware musu nasu layin, don in buta ta kayar da bireka kina kasuwa, kada ki dawo ki tarar naman sallah ya narke. Ki haɗa musu da ɗan akwatin nan mai jinkirta wuta, saboda yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Fitilu kuma milimita 1.5 ya ishe su.

Sai maganar wayar ƙasa, mai kore da rawaya. Gidajenmu da yawa na zango tsofaffi ne, za ki buɗe soket ki ga waya biyu kawai, ja da baƙa. Murhu jikinsa ƙarfe ne, hannunki a jiƙe, ƙafarki a kan tayil. Dole a duba sandar da aka binne a ƙasa, a gwada ta da na'ura, a kuma sa bireka mai gane yoyon wuta, mai miliam 30, wadda ke yankewa nan take in wuta ta bi jikin mutum. Wannan kam ba na sassauci a kansa.

Af, kayan da 'yarki ta aiko daga Amurka, kada ki jona ko ɗaya sai na gani. Ƙananan kayansu na bolt 120 ne, in suka sha tamu ƙonewa za su yi.

Wanda zai yi aikin, ki ce ya nuna miki katin shaidarsa na hukumar Energy Commission. Dokar haɗa wayar wuta ta 2011 ta ce mai lasisi ne kawai zai yi wannan aiki. Shi zai duba ko mitar gidan da wayar da ta shigo daga turken wuta za su ɗauki ƙarin nauyin, tunda ba ke kaɗai ke kan mitar ba. In ba za su ɗauka ba, ofishin kamfanin wuta na ECG za a je, kada wani ya ce zai taɓa mita da kansa. Waya kuma kada ki aiki yaro ya sayo mai araha. Akwai wadda za ki ga ja kamar tagulla, in an kankare da wuƙa sai farin alminiyam ya bayyana. In za ki Opera Square, inda ake sayar da kayan wuta, ki faɗa mini mu tafi tare.

Ki turo mini hoton akwatin bireka a buɗe, da na mitar. Asabar bayan la'asar in sha Allah zan shigo da alli mu zana wuraren a bango. Ki gaida Alhaji da yara.