Me Launin Ƙafa Da Baki Yake Nunawa A Jikin Tsuntsun Teku?

Tambaya: Malam, yawancin tsuntsayen teku da nake gani a hotuna fari da baƙi ne, ko kuma toka-toka, amma wasunsu suna da ƙafa ko baki mai launi mai ɗaukar ido. Shin ado ne kawai, ko akwai abin da launin yake nunawa?

Amsa: A tsuntsaye da dama launin shaida ne na halin da jikin mai shi yake ciki. Wanda aka fi nazarta a wannan fanni shi ne wani tsuntsu da ake kira bubi mai shuɗiyar ƙafa, da ke hayayyafa a tsibiran Galafagos da tsibirin Isabel na gaɓar yammacin Meksiko. Shuɗin ƙafarsa yana fitowa ne daga yadda zaruruwan kolajin, wato furotin da ke ƙarfafa fata, suke jere a cikinta, sai wani sinadari rawaya, karotinoyid, ya haɗu da shi, ƙafar ta koma shuɗiya mai sirkin kore, wadda ita ce matan suka fi so. Jikin tsuntsu ba ya iya samar da wannan sinadari, dole sai daga kifin da ya kamo, irin su sardin, kuma garkuwar jiki ma tana da bukatarsa. Saboda haka namijin da ya samu rarar da zai kai wa ƙafa, ya nuna cewa ya iya farauta kuma cuta ba ta cin ƙarfinsa.

Masu bincike Alberto Velando da Roxana Torres da abokin aikinsu sun gwada wannan a tsibirin Isabel, a binciken da suka wallafa a 2006. Da suka hana wasu maza abinci na awa 48, sai launin ƙafarsu ya dusashe, da aka ba su ɗanyen kifi kuma ya farfaɗo. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gwaji na biyu: sun jira mace ta saka ƙwan farko, sannan suka shafa wa ƙafar mijinta kwalliyar da ta disashe ta, sai ƙwanta na biyu ya fito ƙarami. Ke nan ko bayan sun haɗu ba ta daina duba ƙafarsa ba, tana auna abin da za ta zuba a cikin ƙwai da ƙarfin wanda zai taya ta ciyarwa. A ganina a nan fata ta fi gashi amfani, domin gashi yana ba da labarin lokacin da ya tsiro ne, ita kuwa fata tana canzawa cikin kwanaki kaɗan.

Tun da yake a tsuntsayen teku uwa da uba ne ke karɓa-karɓar kwanci da kiwon 'ya'ya, zaɓen abokin zama yakan zama na ɓangare biyu. Shi ya sa a wurin sarkin fengwin, wani nau'in babban tsuntsun teku da ba ya tashi sama, mace da namiji duk suna da tabo ruwan lemo a gefen kai da kuma a baki, kuma na bakin yana mayar da hasken ultrabayolet wanda tsuntsu ke gani, idon ɗan Adam ba ya gani.

Sai dai ba kowane launi ne aka yi don neman abokin zama kaɗai ba. Masanin halayyar dabbobi Niko Tinbergen ya nuna cewa jan ɗigon da ke ƙasan bakin wasu tsuntsayen bakin teku da ake kira gal shi ne ɗan tsako yake tsattsaga domin iyaye su amayo masa abinci, ko da yake binciken da ya biyo baya ya gano cewa ɗigon ma yana da alaƙa da karotinoyid da lafiyar mai ɗauke da shi.